Gwaggo Tsahara da Kumandan Tanko

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gidan Gwaggo Tsahara ya san ba ta taɓa barin rediyo ya kai ƙarshen maganarsa ba. Mai labarai zai ce an yi babban taro a Yamai, ita kuma tana murza ƙuli-ƙuli za ta ce masa, "An dai ci abinci." In ya ce damina za ta yi kyau bana, sai ta tambaye shi ina gonarsa take. Mu 'ya'yan ƙannenta mun tashi muna zaton mutumin da ke cikin akwatin yana jin ta sarai, kunya ce kawai ta hana shi amsawa. To, mace irin wannan na yi gangancin karanta wa littafi, kuma ku da kuka san ta kun san ni na jawo wa kaina.

Ni ce Rabi, 'yar ƙanenta, mai koyar da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, nan Matamaye. A wani dogon hutu na sayo littafi a Damagaram wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, juzu'i uku, kowanne kaurinsa kamar tubali. Labarin wasu mutane ne da ƙasarsu ta daina ba da amfani, suka ƙera jirage dubu suka bazama cikin taurari neman wurin zama. Akwai masarautu bakwai a ciki, da yaƙe-yaƙe, da sunaye da ko ni sai na rubuta a takarda nake iya riƙe su. Ina zaune gindin darbejiyarta ina karatuna bayan la'asar, Gwaggo ta ce wane irin bature ne ya rasa aikin yi har ya cika wannan. Na taƙaita mata farkon: babban jagoran jiragen ya yi sallama da uwarsa a bakin gona, domin tsofaffi ba a tafi da su ba, ya yi mata alkawarin zai aiko da zarar sun sauka.

Ta ajiye hannunta a cikin kwano ta ce, "Cin rani ke nan. Ci gaba."

Kun dai san abin da ke gidan nan. Lawali, ɗanta na fari kuma shi kaɗai namiji, ya tafi cin rani Legas shekara goma sha huɗu da suka wuce. Shekara biyu yana kira, daga nan lambar ta daina shiga. Gwaggo kuwa 'yar dā ce, sunan ɗan fari ba ya fita bakinta, kuma ba ta tambayar labarinsa ko a gaban wa. In ana zancensa sai ta tashi ta ce tukunya za ta ƙone, ko da babu komai a kan murhu. Ni a lokacin ban haɗa wannan da littafin ba, duk da karatun nawa.

Sunan jagoran ya ƙi zama a bakinta, sai ta raɗa masa Kumandan Tanko. Kafin mako ya zagayo matan unguwa da ke taya ta ɓarar gyaɗa sun koma masu sauraro, ni kuma na zama tafinta ba albashi. In karanta shafi, in juya shi da Hausa, in jira Gwaggo ta gama yi wa marubucin faɗa. Wani shafin sai mu wuni a kansa.

Rigima ta farko a kan barci aka yi ta. Na ce mata tafiyar tana da nisa, saboda haka an saka mutanen cikin akwatunan sanyi sun yi barcin shekara ɗari biyu. Ta ce in tsaya. Ta sa aka kira Malam Idi, limamin masallacin unguwa, yana tsaye a zaure ta tambaye shi hukuncin wanda barci ya ɗauke. Bawan Allah ya amsa da zuciya ɗaya cewa in ya farka sai ya rama abin da ya kuɓuce masa. Gwaggo ta juyo ta dube ni ta ce, "Kin ji ko? Ba neman ƙasa suka tafi ba, ramuwar salla suka tafi." Malam ya nemi sanin su wa ake nufi, aka ba shi labari, Gwaggo ta ɗora masa tambayar alƙibla a wurin da babu gabas babu yamma. Ya ce zai duba littattafansa. Tun daga ranar ta bayan gida yake zagayawa in zai je masallaci.

Yaƙi kuwa ba ta da haƙurinsa ko kaɗan. Tsakiyar juzu'i na farko masarautun nan bakwai suka kaure, shafi bayan shafi ana tarwatsa jirage. Ta ce in tsallake, masu ƙoshi ne ke yaƙi, ita so take ta ji ko Tanko ya aika gida. Na ce bai aika ba tukuna. Washegari na zo na tarar littafin ya rame. Ashe ta sa an nuna mata inda yaƙin ya fara da inda ya ƙare, ta yage tsakanin kaf, tana ƙunshe wa mutane ƙuli-ƙuli da shi. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, littafina ne kuma ban gama da shi ba. Ta ce ai yanzu ne ma yaƙin ya yi wa wani amfani. Wata guda ɗalibaina suna zuwa aji da guntayen yaƙin taurari sun jiƙe da mai.

Sauran matan kowa da nata ra'ayin. Mariya mai waina ta ce duk ƙarya ce, ta kuma faɗi haka kullum, kuma kullum ita ce ta farkon zuwa. Hajiya Balki soyayyar Kumandan da wata gimbiyar tauraro take bi, in an kai wurin har gyara zama take yi. Ita ce ranar nan ta yi suɓutar baki, ta ce a yi wa Kumandan adalci, mutum yana ɗauke da rayukan dubban jama'a, ina ya ga lokacin aike. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke faifan gyaɗar daga cinyar Hajiya.

"Ya sami lokacin neman aure," in ji ta. "Hajiya, gidanki na kiranki."

Kwana tara ba su gaisa ba, kuma sai da Hajiya ta yarda a gaban kowa cewa Tanko bai kyauta ba sannan aka mayar mata da faifanta. Mun yi dariya har da hawaye a lokacin. Yanzu in na tuna ba ya ba ni dariya kamar dā.

Da muka gama juzu'i na biyu ba a sake ambaton uwar Kumandan ba ko sau ɗaya, Gwaggo ta ce in ɗauko takarda za a rubuta wa marubucin. Na ce ban san inda yake ba, ban ma san ko yana raye ba. Ta ce wannan matsalar mai kai wasiƙa ce. Ta fara da gaisuwa har da ta iyalinsa, sannan ta shiga lissafa masa laifukansa. Jiragensa sun yi yawa. Mutanensa ba sa gaisawa, sai dai kowa ya faɗo ɗaki ya hau magana. Ya ciyar da su ƙwayoyi shekara da shekaru babu wanda ya yi marmarin tuwo, wannan ya nuna bai taɓa yunwa ba. Ta yaba masa wuri ɗaya, inda ruwa ya ƙare a wani jirgi aka koma rabo da ludayi, ta ce nan kam ya tambayi wanda ya sani. A ƙarshe ta ce in rubuta wannan daidai yadda ta faɗa: "Ka raɗa wa jirgi suna, ka raɗa wa karen ƙarfe suna, amma matar da ta haifi mutumin ba ka ba ta suna ba. Ka bar ta tsaye a bakin gona. In ka manta da ita ne, ga shi na tuna maka." Ta ba wani direban da ke zuwa Yamai wasiƙar, ta ce in ya isa ya tambaya. Allah kaɗai ya san inda takardar nan ta kwana.

Ban gane abin da muke yi ba sai gab da damina, lokacin da 'yan cin rani ke dawowa. Kowace shekara a irin wannan lokaci Gwaggo takan fitar da tabarma ƙofar gida ta ce zafi ya yi yawa a ciki, ta zauna tana tsinkar zogale idonta na kan hanyar tasha. A shekarar wani mutumin Yauri mai suna Sale ya biyo ta gidan, ya ce ya ga Lawali da idonsa a wata unguwa a Legas yana tura kurar ruwa, sun gaisa a tsaye. Yana fara magana Gwaggo ta tashi ta shige ɗaki. Ni na tsaya na kwashi labarin, ko da yake ba wani mai yawa ba ne. Sale ya nemi lamba, Lawali ya ce wayarsa ta lalace, kuma bai ba da saƙon komai ba.

Da la'asar na buɗe littafi, matan ba su iso ba tukuna. Gwaggo tana kallon kwanonta ta ce, "A cikin littafin nan, waɗanda suka ga Kumandan, sun ce ya rame?"

Na dubi shafin da ke gabana, zancen gyaran inji ne daga sama har ƙasa. Na ce mata sun ce ya ɗan rame, amma da ƙarfinsa, yana aikinsa. Ta tambaya ko yana da takalmi. Na ce yana da shi. Ta jira, ta san akwai sauran tambaya ɗaya, na san ta sani, kuma ba ta yi ta ba. Ta ce in ci gaba da karatu. Ranar nan na ji kunyar kaina, shekara guda ina yi wa tsohuwa dariya tana yi mini kuka a gabana ban gani ba.

Daga nan na koma gida na karance juzu'i na uku ni kaɗai, abin da ta hana ni yi tun farko. Kumandan ya sami ƙasarsa, ya yi sarauta, ya tsufa, ya mutu ana yi masa kirari. Uwar ba ta sake fitowa ba. Na bi shafukan ƙarshe layi-layi ko zan sami kalma ɗaya, babu. Sai na shiga jan ƙafa, yau in ce makogwaro, gobe in ce gyaran takardun ɗalibai. Ana cikin haka ciwon ƙafarta ya tashi, jiki ya kumbura, aka kai ta likita aka dawo da ita, ta kwanta.

Wata safiya da hantsi ta aika a kira ni da littafin, da Hajiya Balki da Mariya. Ta ce a gama yau. Na riga na shirya abin da zan yi. Na buɗe kusa da ƙarshe na fara zuba mata labarin da na ƙaga, wai Kumandan ya tura ƙaramin jirgi gida da buhunan hatsi da turmin zane, da wasiƙa yana neman gafara. Hajiya har ta fara share hawaye. Gwaggo ta bar ni na kai aya.

"'Yar lakwal," in ji ta, "fiye da shekara ina jin mutumin nan. Bai san turmin zane ba. Karanta mini abin da ya rubuta."

Na karanta mata. Ban rage ba, ban ƙara ba, har na kai shafin ƙarshe na rufe. Gwaggo ta dubi rufin ɗaki, sannan ta ce ta janye rabin faɗan da ta yi wa marubucin, ashe ya san duniya, haka ake yi. Ta ce a kira mata Malam Idi. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa a tsorace, yana zaton zancen alƙibla ne.

"Malam, ka shaida, ku ma ku shaida," ta ce. "Na yafe wa Tanko, duniya da lahira. Kada a ce uwarsa ta tafi da shi a ciki."

Malam Idi bai tambayi wane ne Tanko ba. Ya ce ya shaida, ya ɗaga hannu, muka shafa. Kwana shida bayan haka ta rasu, ba ta ambaci ɗayan sunan ba har aka rufe idonta.

Mun ba duk mai tafiya Legas saƙo. Damina biyu ke nan, babu wanda ya dawo da amsa, kuma ban sani ba ko Lawali ya san ba shi da uwa yanzu. Ita ta yafe. Ni kam har yau ina fama da zuciyata, Allah ya sani.

Ya Allah ka jiƙan Tsahara, ka yalwata mata kabarinta, ka sa ta huta da jira. Shi kuma in yana raye, ka kai masa labarin cewa an yafe masa tun bai roƙa ba. Amin.