Faɗuwata a Marfin Ƙoƙo

Wani ɗan damben Kebbe ya kashe ni a filin Tambuwal, da kakar shekarar da aka sauke tutar Turawa. Kisa a dambe shi ne a kai ka ƙasa. Nawa ya zo da ƙari, don kafaɗata ta dama ta goce. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ba ta koma daidai ba. Na kwance zaren hannuna, ban sake ɗaurawa ba.

Na koma gidan yayata. Mijinta ya rasu, ginin tukwane take yi. Ba ta yi mini dogon jaje ba, tuwo ta miƙo. Da ragowar yumɓu takan gina 'yan dambe, tsawon tafin hannu, ta gasa su tare da tukwane, ta naɗa musu zare na gaske a dunƙule. Don yara ta fara, manya suka ƙwace. Mahauta sun fi kowa, kowannensu yana so ya jera gwanayen yankinmu a ɗakinsa.

Hanya ce ke cutar ta. In ta ɗora su a jaki zuwa kasuwar Kebbe, wasu su isa ba kai, wasu ba hannu. Na ce a sa kowane a ƙoƙo, a cusa ƙaiƙayi, a kife da wani ƙoƙon, a ɗaure da kaba. Dabarar ta yi. Sai dai in an rufe ba a san wa ke ciki ba. Ban iya rubutu ba, yawancin masu sayen ma haka. Sai na sa tsinken ƙarfe a wuta, na fara ƙona hoto a marfi. Noma ya fi ƙarfin kafaɗata, fawa ma haka. Wannan aikin kaɗai ya rage mini, shi ya sa nake cin tuwon gidan ba da kunya ba.

Malamin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ce in bar fuska, kada in sa ido ko baki. Na bari, bai rage komai ba. Da tsayuwa ake gane ɗan dambe, da layun damtsensa, da wanda ya kashe. Haka aikin ya zauna: kowane marfi gwani a tsaye, a gabansa mutumin da kisansa ya fi yin suna, a yadda ya faɗi. Wanda ya kife da ciki in kifa shi. Wanda ya dafa ƙasa ya dafa. Masu saye kan duba na ƙasa kafin na tsaye.

Sai mutanen Kebbe suka ce nasu gwanin suke so. Yaya ta gina shi da yawa, gajere mai faɗin ƙirji, ta gasa, ta ce, "Saura marfi."

Kowa ya san kisan da ya ɗaga shi. Ni ne. Kuma ban yi faɗuwar maza ba. Zama na yi daɓas, ƙafafu a miƙe, hannun hagu a sama kamar mai tsai da mota. Makaɗa sun daɗe suna sa ni a waƙa.

Na zana wani mutumin Fakku da ya taɓa kayarwa, kwance rigingine. Muka kai Kebbe. Tun hantsi ana ɗauka ana ajiyewa. Wani dattijon mahauci ya juya marfin ya ce, "Wanga wa na?"

Na ce mutumin Fakku.

Ya ce, "Wancan ai kowa na kashe shi. Ina mai tsai da mota?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Ya san ni sarai.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yumɓuna da itacena ne nan a zube. Ko ka zana gaskiya, ko in ba mai sassaƙar ƙwarya aikin, kai kuma ka san abin yi."

Muna nan sai ga ɗan damben Kebben da kansa, da ƙugiyar nama a kafaɗa. Ya tsuguna a gabana.

"Sannu mazaje. Ya kafaɗa?"

Na ce, "Tana inda ka bar ta."

Ya kwance ƙoƙo ɗaya, ya ɗago siffarsa ta laka, ya ce wa Yaya, "Kin ƙara min ƙirji, Allah shi biya ki." Sannan ya dubi marfin. "Kai ko ka rage ni. Wanga iska ma na kada shi." Ya wangale baki ya nuna mini gurbin haƙora. "Wanga giɓi aikinka na. In ka cire kanka, wa nik kashe?"

Na ce, "Da ina zana baki da na sa giɓin."

Ya ce, "Ka ga sa'ata."

Na ari garwashi wurin mai tsire. Akwai marafen da ban taɓa ba a buhu. Na sa ƙarfe ya yi ja, na zana shi a tsaye, na zaunar da kaina a gabansa. Yana bayana yana leƙe.

"Ɗaga hannun. Ya fi haka sama."

Na ce, "Kai ka faɗi ko ni?"

"Ni ina tsaye, na fi ka gani."

Na ɗaga. Shi ya ɗauki na farko. Dattijon nan ya ɗauki na biyu, yana hura marfin don bai huce ba. Na yi ta ƙona kaina har la'asar, hayaƙi yana sa ni hawaye, mutane suna cewa kuka nake. Jakinmu ya koma Tambuwal ba kaya. Yaya ta hau, ni na bi a ƙasa.

Daga nan na zana gwanaye da yawa, har na wajen Sakkwato da direbobi ke kwatanta mini, amma ba marfin da ya kai wannan tafiya. Hannuna ya saba da shi har ina yi ina hira.

Yaya ta rasu, kayan roba suka cika kasuwa, aikin ya mutu. Yanzu ina Tambuwal a gidan ɗanta, ina ɗinke wa mata ƙoren da suka tsage a ƙofar gida.