Ragar da Biba Ta Ƙi Saukewa

Biba ba ta iya iyo ba, har yau ɗin nan kuwa. Amma ka shiga unguwarsu a Agadas ka ce kana neman gidan mai ruwa, ba wanda zai tambaye ka wace ce.

Ubanta falken goro ne daga kudu. Ya zo garin da niyyar kwana kaɗan, ya tsufa yana cewa baɗi zai koma, a nan aka binne shi. Biba ta tashi a gidan ƙasa, inda kowace shekara in ruwa ya ɗauke ake kwaɓa ƙasa a yaɓe bango. Uwarta takan ce gida ba ya tsufa, masu shi ne ke lalaci. Biba ta haddace wannan magana, ta girma da ita, ta kuma ɗora ta a kan komai: tukunya, tabarma, aure, har ma da abin da ba a yi maganar don shi ba.

Ta auri Inoussa, mai gadin masaukin wani Bature, a zamanin da baƙi ke zuwa kallon duwatsu da rairayi. Baturen ya haƙa pisin, wato ramin ruwa na iyo, a bayan gida, ba wani babba ba, ruwan iya ƙirji, ya kewaye shi da rumfar ƙarfe, ya lulluɓe da raga mai ƙananan ido, koriya shar, don sauro da tattabaru da ganyen dogon yaro. Wanda ke ciki yana ganin sama, wanda ke waje ba ya ganin komai. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, Baturen ya sayar wa Inoussa gidan ya yi gaba. Ba a daɗe ba Inoussa ya rasu, ya bar Biba da 'ya'ya mata uku, da ƙaninsa Saidou wanda gado ya ba shi rabo a cikin gidan.

A lokacin ne gwiwoyinta suka ƙi. Sallah ma sai a zaune. Wani lokotoro a asibiti ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwa, ta yi masa dariya har da tafa hannu, ta ce ita ba kada ba ce. Amma ciwo ba ya jin dariya. Wata safiya ta sa aka ja ruwan rijiya aka cika pisin ɗin, ta ɗaura tsohon zane ta shiga tana salati. Kafin damina ta zagayo ta koma yin sujada. Ta gaya wa ƙawarta Lailatu, kuma duk wanda ya san Lailatu ya san an gaya wa gari ke nan. Nan da nan tsofaffin matan unguwa suka fara zuwa da hantsi, masu gwiwa da masu ƙugu, su jeru cikin ruwa suna takawa daga wannan bango zuwa wancan, bakinsu na aiki fiye da ƙafafunsu. Ruwan da aka canza kuwa lambu yake tafiya, ba a zubar da ko ɗigo.

Saidou ba ya son abin ko kaɗan. Mutum ne mai kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, yana kai kaya Tchibarakaten wurin masu haƙar zinariya, kuma idonsa na kan filin nan: a cike ramin, a gina ɗakuna, a zuba 'yan haya. Ya ma gina bene a jikin katangar, wanda daga samansa ake hango bayan gidan Biba. Da aka zauna gaban dattawa sai ya ce ya bar mata ruwanta don darajar yayansa, amma da sharaɗi.

"Ranar da ruwan ga ya zamna buɗe, har ido ya gane shi daga waje, ranar nika turo kamiyo da yashi. Matan mutane na ciki, ba ni ɗaukar wagga kunya."

Biba ta ce ta ji, ta kuma yarda. Daga ranar ragar nan ta zama ranta.

To, sai ta kama yi mata abin da ta sani. Kowace shekara, lokacin da maƙwabta ke yaɓen bango, ita ma tana nata yaɓen. Inda raga ta yage ta ɗinke da basilla, inda ta yi rami ta ɗora faci, ƙarafan kuwa ta sa a malala musu pentir, fenti ke nan, a kan na bara, na bara a kan na bara waccan, har suka yi kauri kamar sun ƙoshi. In wani ya ce ƙarfe na tsatsa, sai ta harare shi ta ce a garin da ruwan sama ke zuwa kamar baƙon kunya, ina tsatsa za ta samu abinci? Haka aka yi shekara da shekaru, rumfar ta haura ashirin a tsaye, Biba na kallonta tana jin daɗi.

Ƙofar rumfar ce ta fara tona asiri, ta lanƙwashe ta daina rufuwa. Biba ta kira Muttaka mai sudir, wato mai walda, ya ɗan liƙa mata. Muttaka mutum ne mai baki, ba ya shafa wa magana mai. Ya zagaya rumfar, ya kama raga da yatsa biyu ya murza, ta marmashe kamar busasshen ganye. Ya durƙusa gindin wani ginshiƙi ya soka ƙusa, ƙusar ta shige ba gardama, jan gari ya zubo.

"Hajiya, ni ba ni liƙa wannan," in ji shi. "Raga rana ka cin ta, in ta yi shekara goma ta yi ƙoƙari. Ƙarhe kuwa ba ruwan sama ya kashe shi ba, turirin ruwanki na, da jabel ɗin da kike zubawa don kashe ƙwayoyin cuta. Daga ciki ya ci, daga gindi. Lokacin canji ya wuce tuni."

"Canji? Gidan ubana ya girme ka, yaɓe kaɗai aka yi mai!"

"Bango ƙasa na, ki ƙara mai ƙasa shi koma sabo. Ƙarhen da ya ci kainai, pentir likkahwani na kaɗai."

Ta kore shi. Ta bi shi har zaure tana cewa masu sudir na yanzu ba su san gyara ba sai rushewa. A gaskiya ba shi take wa faɗa ba. Ta san sauke rumfa da ɗora wata aikin makonni ne, ta kuma san Saidou ba ya bukatar makonni, hantsi ɗaya ya ishe shi. Don haka ta ɗaure ƙofar da waya, ta ƙara faci, ta ce su gani in akwai mai sauke mata raga tana da rai.

Ba a rufa wata ba Lailatu ta dafa ginshiƙi za ta fito daga ruwa, ginshiƙin ya bi hannunta. Wani ƙarfe ya sulluɓo daga sama, ya shafi kafaɗarta ya faɗa ruwa. Da ya matsa kaɗan da a ka ya sauka. Lailatu, jini na bin hannunta, ta ce a rufa asiri, a ɗaure wurin, kada Saidou ya ji.

Biba ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta kuma ji kunya. Ita da ta tara matan nan don su samu lafiya, ita ce ta jera su ƙarƙashin abin da zai kashe su. Ta ce kowa ya fito. Ta wanke wa Lailatu ciwo, ta yafa mayafi, ta nufi gidan Saidou da ƙafarta.

Ta same shi a ƙofar gida yana shan shayi.

"Ƙanen miji, ina gajiya? Na zo in hwaɗa maka da bakina, kada ka ji ga wani. Zan sauke raga."

Saidou ya ajiye kofi a hankali, murna na neman fin ƙarfinsa. "Yaya, kin dai tuna magana?"

"Ni da aka yi ta gabana? Maganarka na nan. Ka shirya yashinka, in ka ga ruwa ka zuba."

Daga nan ta wuce wurin Muttaka, ta ba shi haƙuri a tsaye, a gajarce, kamar mai biyan tara. Matan suka haɗa adashi don ƙarfe da sabuwar raga. Sannan Biba ta aika gida gida, ta ce duk matar da ta taɓa jiƙa ƙafa a ruwanta ta kawo zane ɗaya, ba tsumma ba, zane na kirki. Zannuwa suka yi ta shigowa, har daga gidajen da ba ta zata ba. Souwaiba mai ɗinki ta kawo kekenta tsakar gida ta yi ta haɗa su baki da baki. Aka ja igiyoyi daga katanga zuwa katanga a ƙarƙashin tsohuwar rumfar, aka shimfiɗa ɗinkin a kai, aka saki gefensa har ƙasa. Sai da ruwan ya ɓace ɗungum sannan Biba ta ce wa Muttaka ya hau ya yanka, da gargaɗin cewa in tartsatsinsa ya ƙona zanen mutane, da shi za a yi faci.

Da hantsin da aka sauke ƙarfe na ƙarshe, kamiyon Saidou na tsaye a ƙofar gida cike da yashi. Shi kuma ya hau benensa ya leƙo. Rumfa babu, raga babu, ruwa ma babu. Abin da ya gani rufi ne na atamfa da shadda, ja da shuɗi da ruwan goro, yana ɗan motsi da iska, daga ƙarƙashinsa ana jin fantsamar ruwa da dariyar tsofaffi.

Biba ta fito tsakar gida, zanenta na ɗiga, ta ɗaga kai.

"Alhaji, ka gane shi?"

Idonsa ya tsaya a tsakiyar rufin, kan wata shadda ruwan toka mai aikin zare a baki. Shi ya sayo ta da hannunsa, ya ba matarsa Salamatou da sallar bara, ita da kullum da hantsi take ce masa za ta duba wata mara lafiya.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta sauka, "wannan ta tsakiya, ta wa ce?"

Kafin Biba ta buɗe baki, murya ta fito daga ƙarƙashin rufin, a natse, ba rawa.

"Tawa ce, Alhaji. Ƙugun da ka ce ya yi sauƙi, nan ya yi shi."

Saidou ya saki bakin bene. Sannan ya leƙa ta ɗaya gefen, ya ce wa direba ya kai yashin wurin masu ginin masallaci.