Malam Me-Kake-Nufi

Wannan sunan ba na yanka ba ne, ɗalibai suka laƙaba masa. Shi ke koya wa sababbin shiga sashen Turanci rubutu, ajin da manyan malamai ke gudu kamar bashi. Yara kan zo daga sakandare kai cike da manyan kalmomi, kowa na ganin iya Turanci shi ne ka faɗi abin da ko kai ba ka gane ba. Sai ya kira yaro ofishinsa, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala mai warin tsohuwar takarda, ya ɗora yatsa a kan shafi.

"Me kake nufi a nan?"

Yaro ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗi abin a jimla ɗaya.

"To, uban wa ya hana ka rubuta hakan?"

A haka ya tsufa. Sa'o'insa suna ta wallafa maƙalu suna hawa, shi yana duƙe a kan tulin takardun yara har ido ya fara ƙin aiki. Ba rigarsa ɗaya da jan biro bai ɓata wa aljihu ba. Matarsa kan ce, "Malam, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Yakan yi dariya, amma maganar tana cin ransa.

Abin da ke sanyaya masa zuciya ɗalibi ɗaya ne. Yaron ya zo ba ya iya haɗa jimla biyu ba su yi karo ba, Malam ya yi ta fama da shi har hannunsa ya faɗa. Yau shi ne shugaban sashe. Shi ya sa da aka fara raɗe-raɗin za a soke ajin rubutu, a bar yara da wata manhaja mai gyara Turanci, Malam ko a jikinsa. Shekarunsa na ritaya sun wuce, ajin nan kaɗai ke riƙe da shi a jami'a, amma ai ɗansa ne a kan kujerar.

Ranar da shugaban ya aika a kira shi, Malam na shiga har tashi shugaban ya yi ya ba shi kujera. Sannan ya gyara tabarau ya ɓare baki. Turanci ya yi ta zuba: sake fasali, daidaita manufofi, tafiya da zamani, duba makomar albarkatu. Malam yana sauraro, takaici na taso masa. Irin wannan shirmen ne fa ya yi shekaru yana kankare wa yaron nan. Da ya gaji, bakinsa ya riga shi.

"Me kake nufi?"

Shugaban ya sunkuyar da kai yana juya biro, kamar ranar da ya fara shiga lungun nan.

"Malam, an soke ajinka. Ni na sa hannu."

Malam ya dube shi. Ba kame-kame, ba kalmar da ta yi yawa. Ya dafa tebur ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa na ƙara.

"Madalla," in ji shi. "Ashe ka iya."