Gaisuwar Mai Yatsa Biyu

A shagon kafintoci, wani dogo, garin katako har cikin gira, yana tura lanƙwasasshen katakon saman ƙofa cikin injin fidda ado. Yatsa biyu suka rage a hannunsa na dama. Ba sai an faɗa ba, wuƙar injin tsirara take, mai shagon ya sa an cire murfinta don aiki ya yi sauri.

Sai ga Oga mai shagon da uban tumbinsa, yana ɗaga hannu daga nesa zai sulale. Ina! Dogon ya kashe inji, ya tare shi, ya cusa masa dungulmin a tafin hannu, ya danne da hagu.

"Kai, sake ni! Kullum sai ka yi wannan?"

"Haba Oga, gaisuwa ce fa. Ya iyali? Yara duk yatsunsu lafiya?"