Yadda Gwaggo Ta Sare Mini Tsamiya

Saboda tsamiyar na sayi filin. Ranar da dillali ya kai ni, can bayan gari ta hanyar da ke gangarawa kogi, sai yabon kusancinsa da titi yake yi, ni kuwa idona yana kan bishiyar. Duk wanda ya sha zafin bazara a Wudil ya san dalilina. Na sa magina suka ja katanga yadda tsamiyar za ta faɗo tsakar gida, muka tare da matata da 'ya'yanmu mata biyu. In na taso daga makarantar da nake koyarwa, a gindinta nake shimfiɗa tabarma in ci abinci.

Muna nan lafiya lau sai Gwaggo ta zo daga Darki. Yayar mahaifina ce, a hannunta aka yaye ni, kuma sunan mahaifinta na ci, shi ya sa ba ta kirana sai da Babana. Ciwon ƙafa ne ya kawo ta ganin likita. Tana fitowa daga zaure ta tsaya cak, ta ɗaga kai.

"Babana, tsamiya nake gani?"

"Ita ce, Gwaggo."

"A cikin gida? Ga yara? Innalillahi! Duk karatun nan naka, ka rasa inda za ka kafa gida sai a ƙofar mutanen ɓoye?"

Haka take kiran aljanu, don ba ta yarda ta kama sunansu. Ni ban taɓa musun akwai su ba. Sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, kuma na san a cikinsu akwai na kirki akwai miyagu, kamar dai mu. Na kuma san abin da aka koya mana na neman tsari. Safe da yamma muna azkar, yaran sun haddace Ayatul Kursiyyu, ba sa kwanciya sai sun tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafi sun shafe jiki, in magariba ta kawo kai a kira su ɗaki. Na jera wa Gwaggo duk wannan. Ta ce addu'a abu ce mai kyau, amma ba a kwana ɗaki ɗaya da maciji a ce ai an yi addu'a.

Tun daga nan komai ya lalace a gidan tsamiya ce. Randa ta tsage, tsamiya. Kaza ta gudu ta bar ƙwai, tsamiya. Fanka ta ƙone ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, fankokin rabin unguwa suka ƙone tare da ita, amma tamu mutanen ɓoye ne suka taɓa. Gwaggo ba ta karya kumallo sai da kunun tsamiya, ga 'ya'yan nan suna zubowa a tsakar gida har muna kyauta da su, amma sai dai a je kasuwa a sayo mata wata. Na ce ita ta kasuwar daga sama ta faɗo? Ta ce waccan ba ta san masu ita ba.

Sai kuma hayaƙi. Kullum da la'asar sakaliya za ta cika kasko da garwashi, ta barbaɗa wasu saiwoyi da ɓawo da ta taho da su a ƙulli, ta bi ɗaki ɗaki tana ɗingishi. Kayan sawata suka ɗauki warin, har wani abokin aikina ya tambaye ni ko na fara gasa kifi a bakin gada.

Duk wannan na shanye. Abin da ban iya shanyewa ba ya faru ne da damina, lokacin da ƙaramar 'yata ta kwanta da zazzaɓi. Na fita da safe da niyyar in na dawo in kai ta asibiti. Tun daga ƙofar gida na jiyo tsawa. Na tarar da wani saurayi da rawani, Gwaggo ta sa an kira shi wai ya yi ruƙiyya, ya kafa bakin lasifika a kunnen yarinyar da jikinta ke zafi kamar tanda.

"Waye kai? Faɗi sunanka! Daga tsamiya kake?"

Yarinya tana kuka tana cewa, "Ni ce, wallahi ni ce."

Na ce masa ya isa. Ya juyo ya ƙare mini kallo, ya ce wa Gwaggo shi ma maigidan da alama an shafe shi, don ba mai jin haushin ruƙiyya sai mai abu a jiki. Na ce ruƙiyyar da na sani karatu ce da tofi cikin natsuwa, ban san ta da fasa dodon kunne ba. Na raka shi har waje, na saɓi 'yata na hau babur. Gwajin jini ya nuna cizon sauro ne. Aka yi mata allurai, ni da uwarta muna yi mata tofi, Allah ya ba ta sauƙi. Ranar da ta tashi ta ci tuwo, Gwaggo ta dube ni ta ce, "To ka gani? Da yaron nan bai fara korar abin ba, kana jin allurar za ta ci?"

Sai na je na roƙi limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin magana, ya zo ya yi mata bayani. A gindin tsamiyar ya zauna, ya sha ruwa, suka daɗe suna gaisawa. Ya ce mata bishiya halittar Allah ce, ba ta cutarwa sai da izininsa, gidan da ake karanta Baƙara kuwa Shaiɗan ba ya zama a cikinsa. Ta riƙe bisimilla in za ta rufe ƙofa ko zubar da ruwan zafi, ta bar sauran ga Ubangiji. Gwaggo sai gyaɗa kai take tana cewa, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam." Na ji sanyi a raina. Yana fita ta ce, "Shi ai malami ne, ba za su taɓa shi ba. Mu fa?"

Bayan an gama jarrabawa aka tura mu Kano aikin duba takardu. Ranar Juma'a na dawo, na sha cunkoson motocin shanu a kan gada, ba abin da nake ƙawa sai tabarmata. Ina shan kwanar layinmu na ga sarari fetal a inda ya kamata in ga ganye. Na ɗauka layi na ɓata.

Gwaggo ta aika wa wani mai gidan burodi cewa ga itace kyauta, ya turo mutanensa da injin yanka. Ba su bar komai ba sai kututture da ɓarɓashi. Na tambayi matata yadda aka yi tana gida haka ta faru. Ta ce, "Gwaggonka ce fa. In riƙe hannunta ko in riƙe injin?"

Ba a ɗaga wa wadda ta goye ka murya. Na zauna a kan kututturen, rana tana dukan ƙeyata, na yi ta maimaita a'uzubillahi, wannan karon don kaina. Can sai ga Gwaggo da kaskonta, hayaƙin ya ninka na kullum. Na ce, "Gwaggo, ba an sare ba? Hayaƙin na mene ne kuma?"

"Yo an rushe musu gida, Babana. Ina kake jin za su nufa in ba ɗakunanmu ba? Yanzu ne ma aiki ya tashi."

"To wa ya jawo?"

"Kai mana. Wa ya ce ka yi gini a nan?"

Ƙafar ta yi sauƙi bayan girbi, ta koma Darki, ta bar wa matata ƙullin saiwoyi da dogon gargaɗi. Na kafa rumfar kwano a tsakar gida, wadda in rana ta take ko akuya ba ta yarda ta shiga, na dasa darbejiya a gefe na kewaye ta da ƙaya. Azkar ɗinmu muna nan muna yi yadda muka saba.

Makon jiya ɗanta ya bugo waya ya ce ƙafar ta sake motsawa, tana tafe. Ya ce ta kuma sa ya tambaye ni ko gaskiya ne maƙwabcina ya haƙa rijiya a jikin katangata.