Ranar da Maigidana Ya Fita Bai Faɗa Min Ba

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ta sa gidajen ma'aikata a kasuwa, muka tashi daga Garki. Gidan da muka raini yaranmu a ciki ya fi ƙarfin aljihunmu, ga maigidana ya yi ritaya, sai muka tattara muka koma Orozo, inda ya taɓa sayen fili tun ana yi masa dariya wai ya sayi daji. A lokacin Abuja sai bunƙasa take yi, duk inda ka waiga bene ne ke tashi. Mu dai bunƙasar turo mu waje ta yi.

Ba zan ɓoye muku ba, ban so Orozo ba. Mutanen wurin na kirki ne, ga doya da araha, ga iska mai daɗi. Amma a Garki na san kowa, kowa ya san ni. Mai burodi yakan ajiye min mai zafi ko na makara. Mai atamfa in sabon yayi ya zo, ni yake fara nuna wa, ko da ya san kallo kawai zan yi. Uwa uba shagon wani dattijo Bakatsine da ke bayan kasuwa, mai sayar da gahawa. Da hannunsa yake soya ta, ya daka da citta da kanumfari, tun daga bakin layi ƙamshin yake tarbar mutum. Ni kuwa tun ina amarya na koyi shan gahawa a wurin maƙwabtanmu Shuwa a Maiduguri, inda aka fara tura maigidana aiki. Tun daga nan, in ban sha finjali ɗaya da safe ba, kaina ba ya zama daidai. A Orozo sai kofin gwangwani, wato garin gahawar kanti, wanda a bakina bai fi ruwan wankin tukunya ba. Na taɓa aiken babban ɗana, ya dawo min da wata 'yar ledar gahawa mai ƙyalli daga babban kanti yana ta murna. Na yi godiya, na tura ta can bayan kabad.

Ba mu daɗe da komawa ba maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, ya tashi. Sai dai ƙafar hagu ta riƙa ja, magana ta riƙa fita a hankali, lambobi kuma suka gudu daga kansa. Mutumin da ya ƙare aikinsa a matsayin akanta ya zama ba ya iya riƙe ko lambar wayarsa. Likita ya hana shi tuƙi, ya hana shi gishiri, ya hana shi gahawa. Ni kuma na zama soja a kansa. In ya miƙe, “Alhaji ina za ka?” In ya kai hannu ga buta, na riga shi ɗauka. Ko masallacin unguwa zai je sai na nemo mai raka shi. Garki kuwa na daina ko mafarkin zuwa, wa zan bar wa shi? Sai dai mita da safe, ina juya kofin gwangwanin nan ina cewa Allah ya jiƙan zaman Garki. Shi kuwa yana zaune yana ji.

A daminar da ta biyo baya aurenmu ya cika shekara talatin. Yara suka ce sai an yi walima. Na ce mu a zamaninmu wa ya san wani bikin cikar shekara, aure ai ibada ne, ba gasa ba. Suka ƙi ji. 'Yata ta taso daga Kaduna da yaranta, aka kafa rumfa a tsakar gida, aka yi odar kek har da rubutu a kai. Ni da na ce ba na so, ni ce na fi kowa zirga-zirga a kan tukwane, har da sabon ɗinki na ɓoye a ɗaki.

Ranar walimar ta kama Asabar. Da hantsi na haɗa masa kunu na kai ɗakinsa, ban same shi ba. Na ce yana banɗaki. Na jira, shiru. Na leƙa, ba kowa. Sandarsa ba ta jikin ƙofa, ga wayarsa a kan tebur tana caji, ga maganin safe bai sha ba.

Na fito tsakar gida na tambayi 'yata, “Kin ga babanku?”

“Ba yana ɗaki ba, Umma?”

Daga nan ban ƙara sanin inda na ajiye kofin kunun ba. Ɗana ya ruga masallaci, ya dawo babu labari. Muka duba kemis, muka duba gindin mangwaron da dattawa ke zama. Muna dawowa muka ci karo da maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai sayar da kayan miya, ta ga fuskata ta ajiye farantinta.

“Mama, oga kake nema? Ai ya fita tun safe. Ya sa babban riga fari, da hula. Na ce oga ina zuwa haka, ya ce yana zuwa. Na gan shi ya hau okada a bakin titi. Kar ka damu Mama, Allah yana nan.”

Okada! Mutumin da ƙafa ɗaya ba ta riƙe shi sosai. Muka je inda 'yan acaɓa ke tsayawa, ɗaya daga ciki ya ce shi ya ɗauke shi, ya kai shi inda motocin cikin gari ke lodi. Ya ce Baba bai yi magana da yawa ba, kalma ɗaya ya yi ta maimaita wa kwandasta: Garki.

Likita ya taɓa ja na gefe ya ce in sa ido, irin wannan ciwon yakan dawo, wani lokaci kuma yakan taɓa tunani. Abin da ya zo min shi ne kansa ya juye, ya ɗauka har yanzu a Garki muke, ya tafi gida. Na shiga motar ɗana da zanen girki a jikina da silifas ɗin banɗaki. 'Yata ta biyo ni da mayafi ta cusa ta taga.

Wanda ya san hanyar Nyanya ya san abin da ake kira gosulo. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen duwatsu. Mota ta matsa taku biyu ta tsaya, ni kuwa ina ta lissafin abin da zai iya faruwa. In ya faɗi wajen sauka fa? In ya buɗe baki maganar ta ƙi fita, wa zai tsaya ya saurare shi a garin nan da kowa ke sauri? Ko lambar da zai bayar a kira mu ba shi da ita a kai. Can gaba na hango taron mutane a gefen titi, a tsakiyarsu farar riga. Ban san lokacin da na ɓalle ƙofa na fita ba, ɗana yana kira na. Na kutsa cikin maza ina salati, sai na tarar da wani ƙaton mutum lafiyayye yana zagin direban da ya goge masa mota. Ya dube ni, na dube shi. Na koma mota ina haki.

“Umma, ko mu fara duba asibiti?” in ji ɗana a hankali.

“Kar ka ƙara faɗa min wannan kalmar. Ja mota.”

Tsohon gidanmu muka fara zuwa. An canza fenti, an ɗaga katanga, an sare bishiyar gwaibar da na shuka. Mai gadi ya ce tun safe yana bakin ƙofa, bai ga wani dattijo ba. Na tsaya a gaban gidan da na yi ta kewa, ko kallo na biyu ban yi masa ba. Ɗana ya ce mu gwada masallacin kasuwa, inda babansa ya saba sallar azahar. Muna isa ruwa ya sauko. A bakin masallacin wani mai turare Bakano da ya san mu tun da, ya taso da sauri.

“Hajiya! Ashe kuna nan? Ai Alhaji ya zo ɗazu, mun gaisa. Mai gahawa yake nema.”

Na ce, “Wa?”

“Mai gahawa, Bakatsinen nan. Na ce masa ai an rushe layinsu tun bara, ga shi can bene ake ginawa. Ya koma Mararaba, wajen 'yan hatsi. Na ce Alhaji ka zauna ka huta, in ya so a aika. Ya ce a'a, shi zai je.”

Ashe kansa ƙalau. Gahawar da likita ya hana shi, wadda rabon da ya kai ta baki tun kafin ciwo, ba don kansa ya fito nemanta ba. Amma tsoro bai bar ni na yi kuka ba, don Mararaba ta fi Garki ban tsoro. Titin nan mai faɗi da masu ƙafa biyu lafiyayyu ma sai sun yi gudu suke tsallakewa, ga ruwa, ga santsi.

Komawar ta fi zuwan tsawo. 'Yata sai kira take yi, wai baƙi sun fara zuwa, me za ta ce musu? Na ce ta zuba musu abinci, ta ce muna hanya. Har muka wuce Nyanya ban daina karanto duk addu'ar da na sani ba, wasu ma na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Na yi wa Allah alkawura iri-iri, ciki har da cewa ba zan ƙara ambaton gahawa ba har in mutu.

Ana kiran la'asar muka shiga kasuwar Mararaba, taɓo har idon sawu. Muna tambaya ana nuna mana gaba, silifas ɗina ɗaya ya tsinke na bar shi a nan. Hancina ne ya gano shagon kafin idona. Ina shan kwana na gan shi zaune a kan benci a cikin rumfa, babbar rigar ta jiƙe ta yi jajir da laka ta gefen hagu, sandar a tsakanin ƙafafunsa, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji. Dattijon mai gahawa yana gefensa ya rufa masa bargo a kafaɗa.

“Hajiya, sannu da zuwa,” in ji mai gahawa. “Wallahi tun ɗazu nake fama da shi ya ba ni lambar gida, ya ce ta ɓace masa. Santsi ya ɗebe shi a bakin titi, wasu bayin Allah suka kamo shi suka kawo shi. Na duba, bai ji ciwo ba. Na ce ruwa na ɗaukewa zan rufe shago in kai shi da kaina.”

Duk faɗan da na tanada tun daga Orozo ya tsere. Na durƙusa a gabansa ina taɓa gwiwarsa, ina taɓa hannunsa, ina duba bakinsa ko ya karkace.

“Alhaji, me ya sa? Me ya sa ba ka faɗa min ba?”

Ya ɗan jima yana haɗa maganar, yadda ya saba tun bayan ciwon.

“Da na faɗa, da kin ce ba kya so.”

“To ba sai ka aiki yaro ba?”

Ya girgiza kai. Ya miƙo min ƙunshin da hannun da ke da ƙarfi, takardar ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

“Shekara guda, komai kawo min ake yi. Yau ni na kawo.”

A nan kukan ya zo, a gaban 'yan hatsi da masu turin baro, ni da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ɗana ya juya baya yana goge ido kamar wani abu ne ya faɗa masa.

Kafin mu isa gida yawancin baƙi sun ci sun tafi. Sabon ɗinkin nan ban sa shi ba, jikoki kuma sun riga sun yi wa kek ɗin ɓarna ta gefe. Na ba shi maganinsa, ya canza kaya, na dafa gahawar na zuba mana a finjali biyu. Shi ya riƙe nasa yana shaƙar tururin kawai, ni kuma garin kallonsa rabin nawa a zanena ya ƙare. In kun tambaye ni ɗanɗanonta a ranar, ban sani ba. Washegari da safe na sake dafawa, alkawarin da na yi a mota kuwa sai istigfari.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, tsoron rasa shi ya sa na kusa mayar da shi kaya a cikin gidansa. Ina ganin kulawa nake yi, shi kuma yana ganin an gama da shi. Daga ranar na fara sassautawa, da ƙyar. Na bar shi yana zuwa masallaci shi kaɗai, yana sayo mana burodi a bakin titi, wani lokaci ya dawo da wanda ya kwana, in karɓa in ce an gode.

Yanzu aurenmu ya haura shekara arba'in, tafiyarsa ta ƙara nauyi, ni ma gwiwa ta fara ba ni labari. Tsoron bai tafi ba, kar in yi muku ƙarya. Har yau in ya ɗauki sanda ya nufi ƙofa, zuciyata takan buga, in tsaya a bayan labule ina kallonsa har ya sha kwana. Ya san ina wurin. Bai taɓa waiwayowa ba, ni kuma ban taɓa kiransa ba.