Biskit ɗin Ersilia da Kaji Suka Ci

Ersilia Biagioni ta rasu a watan Afrilu, kuma duk wanda ya yi magana a bakin kabarinta cewa ya yi mace ce mai haƙuri. Ba su san ta ba. Ƙawata ce tun muna zuwa makaranta da takalmin katako, kuma a ƙauyenmu da ke kan tudu saman garin Barga babu bakin da ya kai nata kaifi. Sau ɗaya tak na ga ta haɗiye magana.

Wanki ta yi a wani otal har ƙarfinta ya ƙare. Mijinta Ottavio ya mutu da wuri, ya bar ta da ɗa guda, Duilio, da hannuwa biyu da ruwan sanyi ya tsattsage. Amma da zarar an shiga sabuwar shekara, hannuwan nan sai su zama na wata. Lokacin Befana ne, tsohuwar nan mai tsintsiya da yara suka yarda tana saukowa ta bututun hayaƙi ta cika safar da suka rataye a bakin murhu, mai kirki ya sami kayan zaƙi, mai ƙiriniya ya sami gawayi. Ersilia takan kwaɓa fulawa da man shanu da ƙwai da ɓawon lemo, ta yanka biskit masu siffar tauraro da jaki da kwando, ta ɗora kwaɓin almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, a tsakiya, sannan ta bi gefe da hantsaki tana tsunkula kamar mai surfani. Da su ta cika safar Duilio har ya fara gemu. Da su ta cika ta jikarta Noemi tun yarinyar ba ta da haƙori.

Kuma ba a gode mata. Yaya za a gode? Ai Befana ce ta kawo. Ladanta ɗaya ne: ta zauna a gefe da safe, ta ga yarinya ta zazzage safa tana ihu.

A lokacin sanyin bara waccan hannunta ya fara rawa, ido ma ya yi hazo. Ta ƙi yarda in taya ta.

"Ke Argia, da waɗannan yatsun naki kamar ƙafar agwagwa? Zauna ki ba ni labari kawai."

Yini guda ta yi a tsaye. Wasu sun yi duhu a gefe, jakunan sun fi kama da karnuka, ban musa ba. Ta jera su a kwando, ta rufe da farin ƙyalle, ta miƙa wa Duilio ya zuba a safa idan yarinya ta yi barci.

Da safe ta sa rigarta ta zuwa coci, ta gangara gidan Duilio a kan ƙanƙara tana dafa bango, ina biye da ita. Noemi, 'yar shekara shida, ta tare ta a bakin ƙofa da safa a hannu.

"Kaka! Kaka, zo ki gani! Bana Befana ta waye!"

Ta juye safar a kan tebur. Cakulan na kanti, cikin takarda mai walƙiya. Ko tauraro ɗaya babu.

"Ta daina kawo wancan mai tauri, mai karya haƙori. Kaka, ke ma kin san ba daɗi, ko?"

Ersilia ta dubi ɗanta. Shi kuwa ya ga abin kallo a ƙasan kofinsa. Na ga leɓenta yana motsi, na san maganar da ke tafe, irin wadda ta taɓa sa mai otal gudu daga ɗakin wanki. Kalma ɗaya ta isa: ni ce na yi. Amma in ta faɗa, Befana ta mutu a ɗakin nan, a gaban yarinyar da idonta ke ƙyalli.

"Ja'ira," ta ce, ta ja kunnen Noemi a hankali. "Tsohuwar ta gaji ne, ta fara bi ta kanti. Ɓare min ɗaya in ji."

Ta ci. Har ta ce da daɗi.

Da muka fito ta bayan gida, sai ga kwandon a kife a wajen kaji, suna ta caccakar taurarin cikin taɓo. Farin ƙyallen ma an tattake shi. Duilio ya biyo mu yana sosa ƙeya.

"Mama, kin san na bara ma akwai ɓawon ƙwai a ciki. Na ga kada yarinya ta ji ciwo ne."

"To, ubana. Ba ka da baki ne? Da ka faɗa min jiya."

"Na ji nauyinki."

"Nauyina ka ji, shi ya sa ka ba kaji."

Ni ce na kasa riƙe kaina. Na ce masa ko biyu bai iya sawa a ƙasan safar ba? Ko ya kai kwandon wurin aikinsa ya zubar inda ba za ta gani ba? Ƙato da kai, da wannan biskit ɗin aka raine ka! Na juya zan koma ciki in gaya wa yarinyar hannun da take zagi. Ersilia ta damƙe min tsintsiyar hannu da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

"Kika buɗe baki, Argia, ni da ke har abada. Ki bar ta ta gane da kanta, yadda kowane yaro ke ganewa."

Ba ta sake kunna tanderu don Befana ba. Da Janairu ya zagayo, ta gangara kamar kullum, ta zauna a gefe, ta tafa wa cakulan.

Yanzu Duilio yana gaishe ni a gidan burodi, ina amsawa da ka. Noemi har yau tana rataye safarta, tana barin wa tsohuwar lemo a bakin murhu. Na riƙe alkawarinki, Ersilia tawa, ko da yake yana ƙona min ƙirji. Ranar da yarinyar ta gane da kanta, zan zaunar da ita in gaya mata komai, har da kajin. Sai dai na haura tamanin, ita kuma ba ta da alamar sauri.